Rikicewar Al'ada da Neman Haihuwa a Birnin Kudu da Gwaram

Al'ada, ko haila a bakin malamai, ita ce babban abin da mace ke gani da idonta daga cikin aikin da jikinta ke yi domin ɗaukar ciki. Sauran aikin duk a ɓoye yake: nunar ƙwai, fitarsa daga ma'ajiyarsa, da shimfiɗar da mahaifa ke yi don tarbar ciki. Saboda haka idan al'ada ta fara wasa, ta zo wannan wata ta tsallake biyu, ko ta leƙo sau biyu cikin wata guda, abin da likitan mata ke son sani shi ne ko ƙwai na fita, in kuma yana fita, yaushe. Amsar wannan tambaya ce ke raba matar da jinkiri kawai za ta gamu da shi, da wadda sai an yi mata magani kafin ciki ya shiga.

A kudancin Jigawa maganar tana da nauyi na daban. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a matsakaicin lissafi macen Jigawa na haihuwar 'ya'ya 7.1 a rayuwarta, alhali na Najeriya baki ɗaya 5.3 ne. A ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su mutane fiye da rabin miliyan in an haɗa, da wuya a shiga gida ba a tarar da mai goyo ko mai ciki ba. Amaryar da ta shekara biyu ba ta yi ko ɓatan wata ba tana zaune ne tsakanin sa'o'inta da aka sha sunan 'ya'yansu, wasu har sun yaye. Ba a jimawa ake fara kallon cikinta a gidan biki, daga nan a shiga zancen juya, daga nan zancen kishiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma adadin kusan ɗaya ne a ƙasashe masu arziki da matalauta. Bambancin yana wajen irin gorin da mace ke sha, da nisan da ke tsakaninta da wanda zai duba ta.

Yadda zagayen ke tafiya

Ana fara ƙirga daga ranar da jini ya fara zuba, a tsaya a jajibirin ranar da na gaba ya zo. Wannan tsakanin shi ne zagaye guda. Umarnin daga kai yake saukowa. Wani ɗan ƙululu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda bai fi ƙwayar wake ba, yana sakin sinadarai biyu cikin jini, waɗanda ake rubutawa FSH da LH a takardar gwaji. Na farkon yana ta da wasu 'yan jakunkuna a ma'ajiyar ƙwai, kowace da ƙwai a cikinta, har ɗaya ta yi wa sauran zarra. Jakar da ke girma tana fitar da sinadarin istirojin, shi kuma ya ƙara wa bangon mahaifa kauri. Da ya kai wani mataki sai LH ya yi tashin bazata, kuma cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi jakar ta fashe, ƙwai ya fita ya shiga bututun da ke kai shi mahaifa. A cikin bututun nan ne yake haɗuwa da ƙwayar maniyyi.

Jakar da ta fashe sai ta koma samar da furojestaron, sinadarin da ke riƙe shimfiɗar mahaifa. Idan ciki bai shiga ba, bayan kamar mako biyu jakar ta yamutse, sinadarin ya yi ƙasa, shimfiɗar ta zube. Zubewar nan ita ce al'ada.

Tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini kusan tsayayye ne, kwana 12 zuwa 14 ga yawancin mata. Wanda ke miƙewa yana taƙurewa shi ne tsakanin zuwan jini da fitar ƙwai. Mai zagayen kwana 28 takan saki ƙwai wajen rana ta 14, mai kwana 35 wajen ta 21, mai kwana 24 kuwa wajen ta 10. Maganar da ta yaɗu cewa kowace mace rana ta 14 take sakin ƙwai ta ɓatar da mutane da yawa, domin macen da zagayenta ya fi wata tsawo takan yi ta tsara kwanciya da miji a makon da bai yi ba.

Ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta tsayar a 2018 cewa zagaye lafiyayye yana tsakanin kwana 24 da 38, jinin kada ya wuce kwana takwas, kuma bambanci tsakanin gajeren zagaye da dogo kada ya haura kwana bakwai zuwa tara. Asibitoci da yawa har yanzu da tsohon ma'aunin kwana 21 zuwa 35 suke aiki. Ko da wanne aka auna, za a ga cewa mata da yawa da ke cewa al'adarsu na yi musu wasa lafiyarsu ƙalau. Matar da ke lissafi da watan sama, mai kwana 29 ko 30, in zagayenta kwana 35 ne, sau goma kawai za ta ga jini a shekara, dole wata biyu su wuce ta a bushe. Mai kwana 24 kuwa dole ta gan shi sau biyu a wasu watanni.

Matan wannan yanki ba baƙin lissafi ba ne. Yarinyar da ta bi Islamiyya ko makarantar zaure ta karanta babin haila a Ahalari ko Risala, ta san cewa a mazhabar Malikiyya mafi yawan haila kwana goma sha biyar ne, mafi ƙarancin tsarki ma goma sha biyar, kuma wadda jini ya zarce mata kwanakin da ta saba za ta ƙara kwana uku na jira, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne. Wannan lissafi domin salla da azumi aka tsara shi, don haka macen da ke kwana goma sha uku tana zubar da jini tana cikin iyakar fiƙihu, amma a ma'aunin asibiti ta wuce kima kuma tana kan hanyar ƙarancin jini. Binciken 2018 ya samu kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini. Akwai kuma wani giɓi: mace takan san kwana nawa take fashin salla, ba ta cika sanin kwana nawa ke tsakanin farkon wannan fashi da farkon na gaba ba. Na biyun nan shi likita ya fi buƙata. Matar da ta je asibiti da takarda ɗauke da ranakun farkon jininta na wata shida ta rage wa mai duba ta rabin aiki, ba tare da ta kashe ko kwabo ba.

Kwana shida a kowane zagaye

Ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai bayan ya fita. Maniyyi kuwa yana iya kwana biyar a jikin mace yana jira. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995 ya tabbatar da cewa ciki na shiga ne daga saduwar da aka yi cikin kwana shida da suka ƙare da ranar fitar ƙwai, kuma kwana biyu zuwa uku na ƙarshe sun fi ƙarfi. Rikicewar al'ada tana taɓa wannan ta fuska biyu. Tana rage yawan damar: mai zagayen kwana 28 tana da dama goma sha uku a shekara, mai kwana 45 takwas, mai ganin jini sau uku a shekara kuwa uku, in ma ƙwai na fita a kowane zuwa. Sannan tana ɓoye lokacin, ta yadda ba a san makon da za a nufa ba.

Yanayin zaman aure yana ƙara tsuke damar. A gidan da ake rabon kwana bibbiyu tsakanin mata huɗu, kowace sai ta yi dare shida kafin girki ya dawo mata, kuma kwanaki mafiya ƙarfi na iya faɗawa duk a ɗakin wata. Haka nan magidancin da ke tafiya cin rani Kano, Abuja ko Legas da zarar an kai amfanin gona gida, ba ya dawowa sai gab da shuka. In matarsa sau huɗu ko biyar take sakin ƙwai a shekara, zai yiwu rabin damar ta wuce ba ya gari. Akan lissafa wa irin waɗannan ma'aurata shekara uku ba haihuwa, alhali watannin da suka zauna tare a lokacin da ya dace ba su taka kara sun karya ba. Shawarar likitoci ga mai rikicewar al'ada ita ce a bar farautar rana guda, a riƙa saduwa duk bayan kwana biyu ko uku a tsawon tsarki, gwargwadon yadda hali ya bayar.

Jiki yana ba da alama. Kwanaki kaɗan kafin ƙwai ya fita, mace kan ga wani ruwa garai-garai mai yauƙi, kamar farin ɗanyen ƙwan kaza, ba wari ba ƙaiƙayi. Daban yake da farin kumfan da ke nuna ɗaukewar haila. Abin takaici, mata da yawa na ɗaukar wannan ruwa a matsayin sanyi, su shiga shan kafso daga kemis, ko tsarki da jiƙe-jiƙe, ko cusa magungunan matsi don su busar da shi, alhali shi ne ke yi wa maniyyi jagora zuwa mahaifa.

Abubuwan da ke rikita al'ada

Ba kowace rikicewa ce ciwo ba. A shekara biyu zuwa uku na farkon balaga, saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai bai gama daidaita ba, kuma zagaye da yawa kan wuce ba ƙwai. A ƙauyukan da ake aurar da yarinya ba da jimawa da fara al'ada ba, akan ɗora mata laifin abin da lokaci kawai yake jira, har a fara yi mata ɗure-ɗure. Haka kuma daga shekara arba'in zuwa sama al'ada kan fara tsalle kafin ta ɗauke gaba ɗaya, galibi tsakanin shekara 45 da 55.

Shayarwa ma tana danne fitar ƙwai, ta hanyar sinadarin furolaktin mai kawo ruwan nono. Mai jego da ke ba da nono zalla dare da rana, wadda al'ada ba ta dawo mata ba, kuma jaririnta bai kai wata shida ba, da wuya ta ɗauki ciki. Bayan haka babu tabbas, domin ƙwan farko na iya riga jinin farko fita da mako biyu. Ta nan kwanika ke shigowa: mace ba ta ga jini ba tun na biƙi, sai ga ciki.

Magungunan tazarar haihuwa suna cikin abubuwan da aka fi zargi. Allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, da ashanar hannu irin su Implanon da Jadelle, kan sa ɗigon jini ba kan gado ko ɗaukewarsa gaba ɗaya. Jinin ba taruwa yake a ciki ba kamar yadda ake tsoro, shimfiɗar mahaifa ce ba ta yi kaurin da za ta zube ba. Da an cire ashana haihuwa kan dawo cikin makonni. Allura ce ke da jinkiri, wata matar sai ta kusa shekara daga allurar ƙarshe kafin ciki ya shiga, amma ba ta kashe mahaifa. Ƙwayoyin ɗage al'ada da wasu ke sha don azumi ko aikin Hajji su ma sukan hargitsa zagaye ɗaya ko biyu, sannan ya koma yadda yake.

Cikin cututtuka, wanda ya fi kowane hana fitar ƙwai shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PCOS. Likitoci biyu a birnin Shikago, Stein da Leventhal, su suka bayyana shi a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa yana shafar kamar mace ɗaya cikin goma, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba. Jakunkunan ƙwai kan fara girma da yawa su tsaya a hanya, ba wadda ta nuna, sai hoton ciki ya nuna su jere kamar tsakiyar carbi. Sinadaran maza kan yi yawa, gashi ya fito a haɓa ko ƙirji, ƙuraje su addabi fuska, wuya ya yi duhu kamar dauɗa ya ƙi fita da wanka. Tun taron Rotterdam na 2003, ana tabbatar da shi ne in an samu biyu cikin uku: rikicewar al'ada, alamar yawan sinadaran maza, da irin wancan hoto. Yana tafiya da ƙiba da haɗarin ciwon suga, ko da yake siririya ma tana iya samun sa. A inda ake ɗaukar ƙiba alamar hutu a gidan miji, har amare na shan ƙwayoyin sha-ka-fashe, shawarar rage jiki ba ta shiga kunne da sauƙi. Amma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, kamar kilo huɗu zuwa takwas ga mai kilo tamanin, yana dawo da fitar ƙwai ga mata da yawa ba tare da wani magani ba. Su kansu ƙwayoyin ƙibar, waɗanda galibi akwai sinadarin sitiroyid a ciki, suna rikita al'ada.

Furolaktin na iya hawa ba tare da goyo ba. Alamarsa ruwa na fita daga nonon macen da ba ta shayarwa, al'ada ta yi nisa, wani lokaci da ciwon kai. Ɗan ƙari marar haɗari a ƙululun ƙwaƙwalwa kan jawo shi, haka wasu magungunan amai da na taɓin hankali. Yana cikin masu saurin jin magani. Ƙululun maƙogwaro, wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, shi ma in ya yi sanyin aiki ko ya zarce, al'ada takan rikice, ɓari ya yawaita.

Rama ita ce ɗaya gefen. Jikin da ba ya samun abin da zai riƙe kansa yakan dakatar da haihuwa. Macen da ke surfe, ɗiban ruwa da aikin gona da abinci kaɗan a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ko mai fama da tarin fuka, ƙanjamau ko ciwon suga da ba a kula da shi ba, ko wadda tashin hankali ya kwantar bayan rasuwa ko saki, duk al'adarsu na iya ɗaukewa.

Akwai biyu da suka shafi karkara musamman, inda mafi yawan haihuwa a ɗaki ake yin ta. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har ta galabaita, ƙululun ƙwaƙwalwa na iya lalacewa. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana wannan a 1937. Nono ya ƙi kawo ruwa, al'ada ta ƙi dawowa bayan yaye, gashin hamata da na mara ya zube, ga kasala da jin sanyi kullum. Akan shekara da shekaru ana cewa jego ne bai karɓe ta ba. Na biyun shi ne mannewar bangon mahaifa bayan wankin ciki da ƙarfe, musamman in an maimaita ko ƙwayar cuta ta shiga. A nan ƙwai na fita lafiya, amma jinin ya koma ɗigo ko ya ɗauke, ciki kuma bai da wurin zama. Sai kuma ƙarewar ƙwai kafin shekara arba'in, wadda ke samun kamar mace ɗaya cikin ɗari, kuma ita ce mafi wuyar magani.

Kwantaccen ciki

Babu mai magana kan ɗaukewar al'ada a ƙasar Hausa ya tsallake kwantaccen ciki. Mace ta yi ɓatan wata biyu ko uku, ta ji tashin zuciya, sannan ciki ya ƙi tasowa, ko jini ya ɗan ɓalle ya tsaya, sai a ce cikin ya kwanta, zai tashi in lokacinsa ya yi. Maganar tana da gindi a fiƙihun Malikiyya, inda malamai suka kai mafi tsawon zaman ciki shekara huɗu ko biyar. Hukuncin ya kare mata da yawa daga zargi, ya kuma tsare wa 'ya'ya nasabarsu. Yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta duba lokacin da ta sallami Amina Lawal daga tuhumar zina a watan Satumban 2003. Fiƙihun ya kuma yi tanadi ga sakakkiyar da haila ta ɗauke mata ba dalili: ta jira wata tara, ta ƙara uku.

Hukuncin kotu daban, binciken jiki daban. A ilimin likita ciki mako 40 yake yi, da wuya ya haura 42. Abin da hoton ciki ke nunawa ga masu kwantaccen ciki yakan zama ɗaya daga cikin waɗannan: mahaifa wayam saboda ƙwai ya daina fita, ko ɗan tayin da ya mutu bai fita ba, ko ƙarin mahaifa da ya tura ciki gaba, ko farkon ɗaukewar al'ada ta girma. Illar tana cikin jiran. Matar da ta shekara uku tana shan rubutu da sassaƙe don a ta da ciki ta yi asarar shekara ukun da za a iya nunar mata da ƙwai, shekaru kuwa ba sa dawowa, domin yawan ƙwai da ingancinsa na raguwa sosai bayan shekara 35. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, kuma gwajin fitsari na ciki, wanda ake samu a kusan kowane kemis, yana raba gardama cikin minti biyar.

Wani ɓatan watan ma na gaggawa ne. In ya zo da ɗigon jini, ciwo a gefe ɗaya na mara, jiri ko suma, zai yiwu ciki ne ya zauna a bututu, wanda in ya fashe yana kisa cikin sa'o'i. Wannan ba ya jiran wayewar gari.

Mafi muni cikin magungunan gida shi ne yankan gishiri, inda wanzami ko ungozoma ke sa aska a gaban mace da sunan buɗe hanya ga wadda al'ada ta ƙi zuwa ko ciki ya ƙi shiga. Askar ba ta kai inda matsalar take, sai dai ta huda mafitsara. Yana cikin sanannun dalilan yoyon fitsari a arewa, ciwon da ake yi wa aiki a babban asibitin Jahun, inda likitocin sa kai na MSF ke aiki tun 2008.

In al'ada daidai take, ciki kuma shiru

Matsalar fitar ƙwai ita ce kamar kashi ɗaya cikin huɗu na dalilan rashin haihuwa daga ɓangaren mace. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1985 ya gano cewa a Afirka toshewar bututu ce kan gaba, har kusan rabin matan da aka duba duka bututunsu biyu a toshe suke. Cututtukan saduwa, waɗanda wasunsu ba sa nuna alama, da ƙwayoyin cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari, su ke jawo haka. Irin wannan mace al'adarta na zuwa a kan kari. Kuma a kusan rabin ma'auratan da ba su haihu ba, akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Samun 'ya'ya da uwargida shekara goma da suka wuce ba shaida ba ce a kan yau. Rikicewar al'ada na da wannan haɗari: da yake ita ake gani, sai kowa ya tsaya a kanta, a manta da bututu da maigida.

Abin da ake yi a asibiti

Ƙa'ida ita ce ma'aurata su nemi bincike bayan shekara guda suna tare ba ciki, ko wata shida in matar ta haura 35. Mai rikicewar al'ada ba ta cikin wannan jira, tun da alamar ta riga ta bayyana. Daga Sundimina, Kantoga, Babaldu, Sara, Kila ko Basirka, matakin farko shi ne ƙaramin asibitin mazaɓa, inda za a yi gwajin ciki a kuma rubuta takardar turawa. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda jama'a ke kira FMC, ita ce babban asibitin da ya fi kusa mai sashen likitocin mata. Abin da ya fi ƙarfinta akan tura Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano. Shirye-shiryen gwamnati irin su Haihuwa Lafiya mai ciki suka fi fuskanta, mai neman ciki kuwa galibi daga aljihunta ko na mijinta take biya, shi ya sa jerin gwaje-gwajen ke da muhimmanci, a fara da mai araha.

Bayan tambayoyi da awon nauyi, akan yi hoton ciki, sannan gwajin jini na furolaktin, na maƙogwaro da FSH. Gwajin furojestaron, mai tabbatar da fitar ƙwai, ana yin sa kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran jini. Rana ta 21 da aka saba rubutawa ta mai kwana 28 ce kawai, mai kwana 35 sai rana ta 28, in ba haka ba sakamakon zai ce ba ƙwai alhali lokaci ne bai yi ba. Gwajin maniyyi, wanda ake yi bayan hutun kwana biyu zuwa bakwai, ya fi kusan duka gwaje-gwajen mace sauƙi, kuma ya kamata ya zo da wuri. Hoton bututu, wanda ake tura ruwa mai nunawa ta bakin mahaifa, shi ke nuna ko hanya a buɗe take.

Magani yana bin dalili. Mai yawan furolaktin ƙwayar saukar da shi ake ba ta, mai matsalar maƙogwaro a daidaita shi, mai rama a ciyar da ita a kuma magance abin da ke cin ta. Mai PCOS akan fara da rage nauyi, wani lokaci da metifomin na masu ciwon suga, sannan maganin nunar da ƙwai na kwana biyar a farkon zagaye. Clomid, wanda aka fara amfani da shi tun shekarun 1960, shi aka fi sani. Wani gwaji a Amurka a 2014 kan mata 750 ya nuna cewa letirozol ya fi shi: kashi 27.5 cikin ɗari suka haihu, shi kuwa 19.1. Tun 2018 letirozol ne zaɓin farko a ƙa'idojin duniya. Clomid ya zama abin da ƙawa ke rubuta wa ƙawa a saya a kemis, kuma wannan ganganci ne. Ba ya buɗe bututu, ba ya gyara maniyyi, ba ya aiki ga wadda ƙwanta ya ƙare, yana ƙara yiwuwar tagwaye da haɗarinsu, yana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai, kuma likitoci ba su cika wuce zagaye shida da shi ba. In ƙwayoyi sun gaza akwai allurai masu buƙatar bibiya da hoto, sai kuma dashen ciki, wanda aka fara cin nasararsa a Ingila a 1978, ana yin sa a manyan birane irin su Abuja da Legas kan miliyoyin naira. Mafi yawan masu matsalar fitar ƙwai ba sa kaiwa nan.

Ko macen da ba ta neman ciki bai kamata ta riƙa wuce wata uku ba jini ba, in ba ciki, shayarwa, maganin tazara ko girma ne dalili ba. Ga mai PCOS, shimfiɗar mahaifa kan yi ta kauri ba furojestaron da zai zubar da ita, abin da ke kawo ɓallewar jini, kuma bayan shekaru yana ƙara haɗarin kansar mahaifa. Likita kan ba da ƙwayoyin kwana goma zuwa sha huɗu don jinin ya sauko. Mai neman ciki kuwa ana so ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 a kullum, tun kafin ya shiga. Lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne cikin mako huɗu na farko, kuma wadda ta saba tsallake wata biyu takan gane tana da ciki ne bayan wannan lokaci ya wuce.